Tauraron Auta

Ranar jajiberin Kirsimeti da hantsi, a wani gida, yara suna rataya kayan ado a reshen darbejiya da aka kafa cikin tukunya. Al'adar gidan ce kowane yaro ya haɗa nasa da karan dawa. Rifkatu ta yi tsuntsu, Bulus ya yi jaki, Auta kuwa, ɗan shekara huɗu, ya yi tauraro karkatacce.

Sai ga gwaggonsu daga birni da ƙwallaye masu ƙyalli. Ta cire tauraron ta jefa a kwandon shara.

"Wannan tarkacen a gaban baƙi? Allah ya sauwaƙe!"

Auta ya fashe da kuka. Ran Rifkatu ya ɓaci.

"Haba Gwaggo! Tun jiya yake fama da shi, har kara ya yanke shi a yatsa. In tauraron Auta ba zai hau ba, tsuntsuna ma ba zai hau ba."

"Jakina ma ba zai hau ba," in ji Bulus.

Suka ɗauko tauraron suka karkaɗe, suka rataye ukun a bishiyar lemon da ke tsakar gida. Da masu waƙar Kirsimeti suka zo da yamma, ƙarƙashin lemon suka tsaya. Reshen Gwaggo yana can ɗaki, ba wanda ya leƙa.