Ƙwallon Dabino a Tafin Yaya

Tun da aka sauko daga Juma'a Raliya take cikin kicin, ta hana kowa taɓa gahawar. Ita ta daka kayan ƙamshin, ita ta wanke finjalai, har da waɗanda suke a wanke. Ƙanwarta Sundus ta jingina da firji tana cin dabino tana mata dariya.

"Ya uhti, a hankali! Aurenki suka zo nema, ba gasar gahawa ba."

"Sundus, wallahi in ba ki fita ba zan juye miki ita a ƙafa!"

Gidansu yana unguwar Uhudu a Madina, ta tagar kicin ma ana hango dutsen. Kakanninsu a ƙasa suka taso daga Kano zuwa Hajji suka zauna, don haka su 'yan ƙasa ne. Zakiru kuwa, mai neman auren nata, Bahaushen Sudan ne, da iƙama yake zaune, wato takardar izinin zaman baƙo, yana da shagon gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Sultana. Wata bazara na'urar ɗakin Umma ta daina sanyi ya zo ya gyara. Ta gyaru tsaf, amma bawan Allah ya yi ta dawowa duba lafiyarta, har Umma Asma ta gane ba mukayyif ne ke damunsa ba.

Yau kawunsa Bakri ne ya zo, yana zaune a majalisi da Abdussamad, yayan Raliya, wanda ya zama waliyyinta bayan rasuwar Abbansu. Hausawan Madina sun daɗe da ɗaukar al'adar Larabawa: wanda ya zo da buƙata, in aka miƙa masa gahawa sai ya ajiye finjalin bai sha ba, har mai gida ya ce masa ya sha, buƙatarsa ta biya. Kawu Bakri ya ajiye nasa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Abdussamad ya yi zancen zafi. Ya yi zancen cunkoson baƙi a Harami. Sundus tana leƙe ta bayan labule tana kallon tururin finjalin yana raguwa har ya ɗauke. Dattijon ya gyara hularsa, ya yi sallama ya fita, gahawarsa na nan a ƙasa ta huce.

"Yaya, me ya yi maka?" Raliya ta tare shi a falo. "Addininsa ne ko halinsa?"

"Ban ce yana da aibu ba."

"To mene ne?"

"Ke da kika karanta doka ai kin fi ni sani! Iƙama gare shi, Raliya. 'Ya'yanki ba za su tashi da jinsiyya ba, ba su da takardar zama 'yan ƙasa. Ranar da aka ce ya koma Sudan fa? Mu 'yan ƙasa ne, ba tsaranmu ba ne. Halas, na gama magana!"

Ya buga ƙofa ya fita. Raliya ta durƙushe a wurin tana kuka mai cin rai, Sundus ta rungume ta, ita ma hawaye na bin fuskarta.

Washegari Raliya ta kira Zakiru, idonta a kumbure.

"Akwai hanya," in ji ta. "Waliyyin da ya hana mace auren mutumin kirki ba da hujja ba, alƙali yana iya karɓe walicci daga hannunsa. Haƙƙina ne, doka ta ba ni."

Ta cikin wayar tana jin ƙarar guduma a shagonsa, sannan ya amsa.

"Haƙƙinki ne, ban musa ba. In kin tafi mahkama gaban alƙali zan tsaya a bayanki. Amma ki tuna, mutumin nan shi zai zama kawun 'ya'yana. Ya zan zauna cin abinci da shi bayan alƙali ya kunyata shi saboda ni? An taɓa zaunar da ku an ji ta bakinki?"

"Wa zai ji ta bakina? Tun da Abba ya rasu, murya ɗaya ake ji a gidan nan."

Umma tana bakin ƙofa riƙe da kwandon wanki, ta ji komai. Ta wuce ɗaki ta buɗe kabad, ta ciro wasu tsofaffin kwanonin tangaran guda biyu, fari da shuɗi, ta goge musu ƙura da gefen mayafinta.

Kwanonin Abba ne. A zamaninsa, duk abin da ya shafi gidan sai an zauna. A ba kowa dabino ɗaya, mai magana ya riƙe nasa, ba mai katse shi har ya gama ya ci. In an zagayo, kowa ya shiga bayan labule shi kaɗai ya jefa ƙwallon dabinon a kwano ɗaya: fari amincewa, shuɗi ƙi. Da haka suka zaɓi launin fentin gida, da haka kuma Abba ya sha kaye ranar da ya so sayar da gidan su koma cikin gari, ya yi kwana biyu yana fushi, sannan ya haƙura.

Juma'ar da ta zagayo bayan la'asar Umma ta tara su, har da Baffa Sa'id ƙanin Abba. Abdussamad yana ganin kwanonin ya haɗe rai.

"Ya Ummi, wannan maganar maza ce. Ni da Baffa mun isa."

"A gidan ubanka?" in ji Umma. "Sundus ba ta gama haƙori ba ta fara jefa ƙwallo a nan. Zauna!"

Ya zauna. Shi aka fara ba dabino, ya maimaita maganar iƙama da jinsiyya, kuma gaskiya tsoro ne a muryarsa, ba mugunta ba. Baffa Sa'id ya ce shi dai ya yi bincike a Sultana, bai ji wanda ya zagi yaron ba. Sundus ta ce ita "oke" kawai ta sani, aka harare ta.

Raliya ta karɓi nata.

"Yaya, duk abin da ka faɗa na sani, na kwana da shi na tashi da shi. Wahalar takardu ni zan ɗauka, kuma na zaɓa da idona biyu. Sannan ina so kowa ya sani, ko duka ƙwallayen nan sun faɗa shuɗi, haƙƙina bai faɗi ba. Yawan mutane ba ya ƙwace wa mutum abin da Allah da doka suka ba shi. Na san hanyar mahkama, ban je ba. Ba tsoro ya hana ni ba. So nake hannunka ya ba da ni, kamar yadda na Abba zai yi."

Ta ci dabinon, Sundus ta bubbuga mata baya.

Umma ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana juya nata a hannu.

"Abdussamad, ka tuna Marwa?"

Ya ɗago da sauri. "Ummi, don Allah—"

"Dabino yana hannuna, ba a katse ni. Abbanka ya je gidansu ya ajiye finjali. Kana da jinsiyya, kana da aiki, kana da haddar Alƙur'ani. Me uban yarinyar ya ce? Ya ce shi Balarabe ba ya ba Takaruni, jikan baƙin Afirka, 'yarsa, ba tsaransu ba ne. A kicin ɗin can na same ka, ƙato da kai, kana kuka kana tambayata, 'Ummi, ba Musulmi ba ne mu duka?' Ban da amsar da zan ba ka a ranar. Makon jiya da na shiga kwashe finjalai na ga gahawar Bakri ta huce, wallahi ta Abbanka na gani."

Baffa Sa'id ya share ido da gefen rawaninsa.

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga bayan labule. Abdussamad ne ya shiga ƙarshe, ya daɗe, sannan ya fito ya zauna kansa a ƙasa. Sundus ta ɗauko kwanonin ta dire a tsakiya. Farin yana da ƙwallo huɗu. Shuɗin babu komai a ciki.

"Saura ɗaya," ta ce a hankali. "Mu biyar ne."

Abdussamad ya buɗe tafinsa. Ƙwallon yana nan, ya damƙe shi har ya yi masa shaida a fata. Ya rarrafo gaban ƙanwarsa, ya sake shi cikin farin kwanon, ƙarar ta cika ɗakin.

"Ki yafe mini, Raliya. Abin da aka yi mini na rama a kanki."

Ta faɗa jikinsa tana kuka, shi ma bai ɓoye nasa ba.

Shi da kansa ya je Sultana ya ba Kawu Bakri haƙuri. Da dattijon ya dawo ya ajiye finjali, ko gama sauke hannu bai yi ba Abdussamad ya ce, "Sha gahawarka, Kawu, ka samu!" Kawu Bakri ya kurɓa da sauri har ta ƙona masa harshe, Sundus ta kusa faɗowa daga bayan labule don dariya.

Izinin hukuma na auren 'yar ƙasa da baƙo ya ɗauki watanni, Raliya ta rame da jira, kuma Abdussamad ne ya yi ta sintiri a ofisoshi har ya fito. Haƙurin Raliya bai zama na wadda ta yar da haƙƙinta ba, ta san shi, ta faɗe shi a fili, sannan ta ba 'yan uwanta damar su gyara da kansu. Gidan da ake barin kowa ya gama maganarsa, mace da namiji, babba da ƙarami, da wuya rigimarsa ta kai gaban alƙali. Wanda kuma ya taɓa ɗanɗana zafin raini, shi ya fi cancanta ya hana a yi wa wani.

Ranar da aka kai amarya Sultana, Umma ta naɗe kwanonin nan biyu a tawul ta cusa cikin akwatinta. Abdussamad ya gani, ya sa hannu ya ciro su.

"A'a, Ummi, waɗannan na gidan nan ne. Gobe zan saya mata nata."