Wanda Ke Amsa Tarin Malam Uba

Ana gab da kiran magariba, kaji sun shige akurki, Nana Khadija tana kwashe tuwo a tsakar gidansu da ke Samaru, sai mahaifinta Malam Uba ya soma tarinsa daga ɗakin baya. Babu wanda ya ɗaga kai. Busasshen tari ne marar kaki, ya zame wa gidan kamar kukan kwaɗi da damina. Likitoci sun ce ba tarin fuka ba ne. Ƙurar injin niƙan da ya ƙare ƙuruciyarsa a kai a kasuwar Sabon Gari ce ta bar masa tabo a huhu, tabon kuma ba ya warkewa. Da tarin ya hana kowa barci, yayarsa Goggo, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ta mayar da shi ɗakin baya, jikin tsohon bayin da aka daina shiga.

Ya yi tari, ya tsaya neman numfashi. Sai wani ya yi gyaran murya daga cikin tsohon bayin.

Mara ta suɓuce daga hannun Nana Khadija. Ko yaro ya san wannan al'ada: in ka zo ƙofar bayi ka yi gyaran murya, na ciki ya amsa maka, ka dakata ya fito. Amma ƙofar nan da waya aka ɗaure ta, wayar ma ta yi tsatsa.

Daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka a kan kwanon ɗakin baya. Goggo, wadda ba ta taɓa yarda a ce abu ya gagare ta ba, ta cika kasko da garwashi, ta zuba habbatussauda da saiwoyi, ta turnuƙe ɗakin ɗan'uwanta da hayaƙi. Tarin ya ninka, leɓunansa suka yi duhu, duwatsun suka ƙaru. Ta ce alama ce magani yana ci. Garin neman gira, saura ƙiris a rasa ido.

Nana Khadija tana son mahaifinta, amma ta gaji, gajiya kuwa ba ta da kunya. Wani yammaci tana zubar da ruwan wanki a bayan ɗakin ta ce ƙasa-ƙasa, "Wai yaushe za mu huta da tarin nan?" Ba ta kai ga ajiye bokitin ba ta faɗi, jikinta ya sandare, idanunta suka kafe a kan ƙofar tsohon bayin.

Maƙwabta suka ɗauko Malam Suhail daga Jushi, dattijo mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya. Yana shigowa ya dubi kaskon, ya dubi majinyacin da aka jingina a bakin ɗaki yana haki.

"Goggo, a kashe wutar nan. Kafin ta kori aljan za ta kori mai gidan."

Ya zauna kusa da yarinyar ya fara karatu. Duhu yana sauka, unguwar ta yi tsit. Can sai bakinta ya buɗe, wata tsohuwar murya ta namiji ta fito, mai kama da ta wanda ke magana daga cikin rijiya.

"Ka sassauta, Malam. Ni aka zalunta."

"Wane ne kai?"

"Mai wancan wurin. Da suka bar shi na shiga, ban taɓa kowa ba. Sai suka kawo mini wannan mutumin. Ya yi gyaran murya, in amsa, in fito in ba shi wuri, ya ƙi shiga. In koma, ya sake. Dare da rana. Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Ba izini yake nema ba. Ciwo ne."

"Ciwo yana ƙarewa." Muryar ta yi laushi. "Ga sulhu. Ku ce kun yarda, in tsayar da tarin yanzu, in saki yarinyar. Ai ita ma ta roƙa, da kunnena na ji."

Goggo ta matso da rawar jiki. "To ka raba shi da shi mana, mun yar..."

Malam Suhail ya ɗaga hannu, ta haɗiye sauran.

"Da me za ka tsayar da shi?"

"Mai numfashi ne ke tari, Malam."

Goggo ta zube a ƙasa, hannu a baki. Hawaye suna gangarowa daga idanun Nana Khadija, alhali bakinta yana murmushi.

Malam Uba ne ya ja jiki ya matso, yana magana yana hutawa. "Bawan Allah... ka yi haƙuri. Ban san da kai ba. Tarin nan nawa ne, ka bar mini abuna. Yarinyar kuma... gajiya ce, ni na yafe mata."

Malam Suhail ya ci gaba da karatu, bai ƙara sauri ba, bai rage ba.

"A ɗauke shi daga ƙofata," in ji muryar a ƙarshe. "A daina mini hayaƙi."

"Za a yi. Kai kuma ka rantse ba za ka ƙara taɓa ɗan gidan nan ba."

Ya rantse. Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Tana buɗe ido ta rarrafa ta kama ƙafar mahaifinta, tana kuka.

A ranar aka mayar da Malam Uba ɗakin gaba, Goggo da kanta ta ɗauko tabarmarsa. Duwatsu ba su sake sauka ba. Tarin kuwa yana nan, bai ragu ba, kuma babu wanda ya ƙara yin tsaki a kansa.

Shiru ne yanzu ke tsorata Nana Khadija. Duk magaribar da ɗakin gaba ya daɗe babu motsi, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta je bakin labule ta tsaya, ta yi gyaran murya. Ba ta iya numfashi sai ta ji ya amsa.