Buɗe Baki, Likita

Wallahi ba za ku yarda ba, ko na dafa Alƙur'ani. Da baki na so ba ku labarin nan, to ga ni da biro.

Ni ne Gajere na Bakura. A aji biyu na bar sakandare, amma rabin 'yan kasuwar Dakko Likita suke ce mini. Sirrin wani ƙarfe ne da na ɗauke daga jakar yayata Husna, mai aikin asibiti a Talata Mafara. Lanƙwasasshe ne kamar lauje, da 'yar fitila a bakinsa, da shi ake danne harshe a leƙa maƙogwaro. Ranar kasuwa sai in zura wa mutum, in girgiza kai in ce, "Aljani na zaune ciki, har ya miƙe ƙafa." Ya ruga, ni in faɗi ƙasa don dariya.

Ran nan da almuru, a hanyar gida, na tafasa ƙarfen a gwangwani yadda na ga Husna na yi. Na watsa ruwan a gindin tsamiya. Ban yi bisimilla ba.

Ƙasa ta ce cuu. Kwaɗin fadama suka yi tsit.

Sai ƙaurin nama.

"Likita." A hankali, a bayana.

Mata biyu ne cikin baƙin lulluɓi, ɗaya riƙe da ɗaya.

"Ƙanwata na kwance nan tana hamma, anka zuba mata wani abu. Duba muna," in ji babbar.

Na kunna fitilar ƙarfen, na zura shi a bakin ƙanwar. Na leƙa.

Maƙogwaron ya saluɓe. Tururi na fita. Ramin ba shi da ƙarshe.

"Mi ka gani?"

"Ba komi, Inna."

"Kai da ka ganin aljani ga kowa?" Ta zare ƙarfen daga hannuna. "Kullum waƙa takai ma ɗiyanta. Ka ƙone muryar."

Na zuba da gudu. Gonar shinkafa, gada, gonar shinkafa.

Tsamiya.

Suna nan tsaye.

"Buɗe."

Bakina ya buɗe da kansa. Ƙarfen sanyi ƙalau. Na ji an ciro wani abu can ƙasan maƙogwarona, kamar zare.

Ƙanwar ta haɗiye, ta yi gyaran murya.

"Na gode, Likita," in ji ta. Da muryata.

Washegari Husna ta leƙa maƙogwarona har sau uku, ta ce lafiya lau. Tun ranar ko tari ba ya fita da sauti. Amma masu dawowa daga Dakko da almuru sun ce suna jin Gajere a gindin tsamiya, yana waƙar raino.