Jirgin da Wilo Ya Bari

"Ƙara muryar, Glorimar! Ƙara mana!"

Yarelis ce ke faɗa, ta durƙusa gaban talabijin. Mai hasashen yanayi ya tuɓe kwat ya naɗe hannun riga, kuma kowa a garin La Parguera ya san idan ya yi haka abin ya ɓaci. Jan curin guguwar na juyawa a kan taswira, ya miƙo garinsu kai tsaye.

Sai aka hasko bakin gaɓa. Masunta duk sun kwashe jiragensu sun cusa cikin kurmin bakin ruwa sun ɗaure, kamar yadda ake yi duk shekara. Jirgi ɗaya tal ya rage, shuɗi, igiyar ruwa na wasa da shi.

Na Wilo ne, saurayinta!

Glorimar, 'yar baffanta, ta taɓe baki. "Ayya! Ai na faɗa miki an gan shi a motar yarinyar nan Zuleika. Wanda ya bar jirginsa ya gudu, ke ce zai tsaya wa?"

"Ƙarya kike yi..."

"To ina yake?"

Yarelis ta sake danna lambarsa. Tun safe wayarsa ba ta shiga.

Don Efraín, mahaifinta, yana kujera da karyayyen hannu rataye a wuya. Tagoginsu na nan tsirara, don kafin su kai kanti katakon rufe tagogi ya ƙare. Ya dubi Yarelis.

"Sau nawa zan faɗa miki? Ba zan ba ɗan iskan teku 'yata ba. Ga shi kin gani da idonki."

"Baba, don Allah..."

Gwaf! Gwaf! Gwaf!

Hasken tagar falo ya ɗauke. Yarelis ta yi waje da gudu ba ko takalmi, iska ta kusa kifar da ita.

Wilo ne a kan tsani, jiƙe sharkaf, ƙusoshi a baki, yana buga katakon da ya ɓalle daga bangon ɗakinsa. Ta gane koren fentin.

"Wilo! Jirginka!"

Ya tofar da ƙusa. "Koma ciki, rabin raina."

"Ka haukace ne? Shi kenan abin da ka mallaka!"

"Lokacin abu ɗaya ya rage mini, ko jirgi ko tagoginku. Miƙo katakon can."

Kuka take yi tana riƙe masa tsani har ya rufe tagar ƙarshe. Ta ja shi ciki, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Glorimar ta sulale kicin.

Sai talabijin ya sake hasko gaɓa. Wata ƙatuwar igiyar ruwa ta ɗaga shuɗin jirgin ta maka shi da bangon siminti. Ya rabe biyu.

Wilo ya runtse ido. Yarelis ta damƙe hannunsa cikin nata. A gaban Baba kuwa!

Wuta ta ɗauke.

Cikin duhu iska na kuka, katakon na gurnani amma bai motsa ba. Can tsohon ya yi gyaran murya.

"Kai yaro, ka ci abinci?"

"A'a, Don Efraín."

"Yarelis, zuba wa mijinki faten shinkafa tun da zafinsa. In guguwa ta lafa, injin jirgina na bayan gida yana tsatsa, sai mu nema masa gangar jirgi."

"Baba... me ka ce?"

"Kurma ce ke? Na ce mijinki!"