Wanda Ya Ɗaure Fankar Rabe

A tashar jirgin ƙasa ta Nguru Rabe ya fara ganin Falmata, shekarar da aka canza kuɗi, lokacin da fari ya ƙafar da kogi har ana taka shi da ƙafa. Ta biyo motar Gashua da kwandon kifi banda, shi kuma yana tsugune a rumfarsa yana facin keke.

"Mai keke, taimaka mini da abin ɗauri, kwandona zai watse."

Ya tashi ya ɗaure mata, ya yi ta jan aikin kamar mai ɗinka rigar sarki.

"Kai ɗauri kake ko kallo?"

"Duka biyun. Kallon kyauta ne."

Ta rufe baki da mayafi. Daga ranar, duk kasuwar Nguru sai ta tsaya a rumfar. Yana ce mata Karfasata, da sunan kifin karfasa, ita kuma ba ta taɓa canza masa Mai keke ba.

Ni ce Asibi, gwaggon Rabe, ni na goye shi da uwarsa ta rasu. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a tausasa mini ko kalma ɗaya.

Da muka je Gashua neman aure, uban yarinyar, Dunoma masunci, ko tabarmar kirki bai ba mu ba.

"Yaronku ya iya iyo?"

"Bai iya ba," in ji ni. "Mata muka zo nema, ba kifi ba."

"To 'yata ta mutanen ruwa ce. Ko kuwa Lawal, da ke da shago da injin ban ruwa."

Lawal ɗin da injinsa! Ruwan da zai ja ma babu.

A lokacin masuntan unguwar sun kwashe ɗan sauran karfasar da ta rage a kogi sun zuba a wani kududdufi da ke bayan gidan Dunoma, don ta zama iri idan ruwa ya dawo. Shi aka ba amanar. Amma da zafi ya tsananta, kullum da safe kifin sai ya taso sama yana buɗe baki, wasu su juya ciki. Falmata da ƙannenta kan shiga su yi ta dukan ruwan da ƙwarya har hannunta ya tsattsage.

Rabe ya riƙe hannun ya duba.

"Iska suke nema, Karfasata. Ruwan ne ya rasa numfashi."

"To ka iya faci wa ruwa?"

"Zan hura masa, kamar taya."

Ya rufe rumfarsa ya koma Gashua. Ya wanke duro ya tsaga shi biyu, ya kafa ɓarin biyu a kan ƙarfe yadda iska daga ko'ina za ta juya su kamar fanka. Ya haɗa da sarƙa da fedar keke, fedar tana tura famfon keke sama da ƙasa. Iskar ta taru a robar tayar babbar mota, daga nan ta bi tiyo mai ƙananan huji zuwa ƙasan ruwa, ta yadda ko iska ta kwanta da asuba akwai ajiya. Falmata ce ta huda tiyon da basilla, suna faɗa a kan girman hujin.

Mutane suka yi dariya, suka ce ɗan Nguru zai yi wa kifi fifita. Ranar da kumfa ta fara tasowa a tsakiyar kududdufin, dariya ta tsaya. Kifi ya daina mutuwa. Dunoma da kansa ya miƙa wa Rabe furar da ya sha ya rage, kuma kowa ya san ma'anar wannan.

Rabe ya dawo Nguru ya gaya mini in shirya goro.

Sai ga wani hadari da yamma, iska kamar za ta tumɓuke bishiya, amma ko ɗigo bai sauka ba. Bayanta gari ya yi tsit, zafi ya danne. Da Rabe ya isa Gashua da hantsi, kududdufin ya yi fari fat da cikin kifi.

Lawal ne ya fara cewa guba ce ta bi tiyo. Samarin masunta ba su tambayi kowa ba. Da filafilin kwalekwale suka doki Rabe, ya kare kansa da hannun dama, hannun ya karye a wuri biyu. Yana ƙasa ya ɗaga ido ya hango Falmata a bakin zaure, ba ta ce uffan ba. Ya ce mini wannan shirun ya fi filafilin ciwo.

A bayan akori-kura aka kawo mini shi. Mai ɗori ya yi iya yinsa, hannun ya warke a karkace. Yara suka sa masa Mai Guba. Ya daina cin abinci sai na yi masa ihu.

Ana haka wani direba ya kawo kaset. Na aro rediyo a maƙwabta, muryar Falmata ta fito:

"Mai keke, ni ce. Ranar nan ba zarginka na yi ba, bakina ne ya mutu, don na riga na ga abin da na gani. Da sassafe na je na tarar an ɗaure fankar da igiyar komar kamun kifi. Kai da roba kake ɗauri, ba ka iya ƙullin kwalekwale ba. Ƙullin Baba ne. Ya ji tsoron iska ta karya ta, ya ɗaure ta yadda yake ɗaure jirginsa, ya manta bai kwance ba. Igiyar tana wurina. Ka ci abinci don Allah. Ni taka ce, da hannu ko babu hannu."

Ya kifa kansa a cinyata yana kuka kamar ranar da aka yaye shi.

Falmata ta ajiye igiyar a gaban ubanta, su biyu kawai a ɗaka, ita ce ta ba ni labarin.

"Baba, ka fita ka faɗa."

"Kifin unguwa ne gaba ɗaya, Falmata. In na faɗa, ina zan zauna a garin nan?"

"Shi ina ya zauna?"

Can ya ce, "Na ba shi ke."

Kun ji fa. 'Yarsa ta fi masa sauƙin bayarwa a kan kalma ɗaya! Na ɗauki mayafina zan tafi Gashua in tona a gaban Sarkin Ruwa, Rabe ya tare ƙofa da hannun nan nasa.

"Gwaggo, tausayin aikina ne ya sa ya ɗaure ta. Kuma uban matata ne."

"Uban matarka ne, ba uban matata ba!"

"Ki bari a ɗaura aure tukuna."

Na bari. Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura, mutanen unguwarsu rabi ba su zo ba. Da aka kawo amarya, ta kama karkataccen hannun a gaban mata ta ɗora a kanta, ta ce, "Mai keke, na iso." Har ni sai da na share ido.

Yanzu a rumfar ita ke riƙe sifana, shi yana nuna mata inda za ta ɗaure, suna faɗa suna dariya. Allah ya yi musu albarka, ya ba su 'ya'ya masu jin ƙai, ya sa su tsufa tare.

Amma ni tukuna aka ce mini, kuma tukuna ta wuce. Dunoma, kana da rai, ina da rai. Har gobe akwai masu kiran yarona Mai Guba. Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, ka buɗe baki ka faɗi wanda ya ɗaure fankar nan. In ka faɗa, har kai zan sa a cikin albarkar.