Telan Da Ya Hana Walƙiya Gudu

Walƙiya ta faɗo shagon Tela ba ko sallama, ta jefa wandon tserenta a kan keken ɗinki.

"Ka rage min ƙugun nan, yau nake so."

Tela bai taɓa wandon ba. Shi ke ɗinka wa ƙungiyarsu ta masu tsere kaya, kuma shekara guda ke nan yana sonta, duk layin an sani. Ya ɗaga kai ya dube ta. Idanunta sun faɗa, tana ta jan hanci saboda murar da ta ƙi sakinta.

"Sau uku ke nan ina rage shi a wata ɗaya, masoyiya. Ba zan ƙara ba."

Ya tambaye ta rabonta da barci mai daɗi, da rabonta da cinye abincin da aka zuba mata. Ta buɗe baki za ta yi masa tsiwa, sai kawai hawaye suka zubo, ita kanta ba ta san dalili ba. Ta fizgi wandon ta fice.

Saura sati biyar a yi gasar zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Doguwa, wadda suke neman gurbi ɗaya da ita, ta raɗa mata tun wata biyu da suka wuce cewa ita sau uku take atisaye a rana. Tun daga nan Walƙiya ta ƙara gudun yamma a kan na safe da take yi da Yayanta, wanda shi ne kocinta, ta kuma ƙara hawan tudu da tsakar rana a ɓoye. Ranar hutu ma ta soke ta. Abin haushi, kullum agogo sai ya nuna saurinta ya ragu, ita kuma sai ta ƙara wa kanta aiki.

Doguwar ce dai ta kai wa Yaya labari wai Tela na zuga ƙanwarsa ta bar gudu ta yi aure. Yaya ya iso shagon yana huci, ya ce in ya sake ganinsa a ƙofar gidansu sai ransa ya ɓaci. Tela ya bari ya gama, sannan ya buɗe littafin awo ya nuna masa awon ƙugunta na wata biyu.

"Yaya, ni ban san gudu ba. Amma na san jikin da ke ƙarewa."

Yaya ya yi tsaki ya tafi. Sai dai washegari a filin atisaye ya tsaya yana kallon ƙanwarsa da kyau. A zagaye na biyu ƙafafunta suka zama kamar an ɗaura musu duwatsu, ta durƙusa a gefen layi. Aka yi rabin awa tana zaune, ya kama hannunta ya ji zuciyar na bugawa kamar yanzu ta gama gudu. A nan ta faɗa masa komai.

Likita ta ce babu abin da ya karye, jiki ne aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa ba a bar shi ya huta ba. Ta yanke mata sati shida ba gudu.

Gasar ta wuce, Doguwa ta samu gurbin.

Walƙiya ta ɗora wa Tela laifin duka, ta daina ɗaga wayarsa. Shi kuwa kullum da la'asar sai ya zo ya gaida Mama, ya ajiye kankana, ya koma. A sati na shida ta yi barci har rana ta take, ta tashi ta cinye nata abincin ta haɗa da na Yaya. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. A ranar ce kuma wata 'yar ƙungiya ta tsegunta mata cewa Doguwa sau ɗaya take atisaye, kwana biyu take hutawa duk sati.

Da la'asar ita ta buɗe masa ƙofa.

"Ka yafe min..."

"Ni tun ranar na yafe. Kin yi kyau, kumatu sun dawo."

Ta rufe fuska tana dariya.

Bayan hutun, da tafiyar ƙasa aka fara, shi da ita da Yaya a bayansu yana zare ido. Daga nan sassarfa, daga nan gudu, ranar hutu kuwa Yaya da kansa yake ɓoye takalmanta.

Bayan wata biyar aka yi babbar gasar shekara. A kwanar ƙarshe Doguwa na gaba da taku uku. Walƙiya ta ji ƙafafunta sakayau, numfashinta na shiga har ƙasa, ta buɗe wuta. Taku biyu. Taku ɗaya. Kafaɗa da kafaɗa. Filin ya kaure da ihu, Mama ta miƙe tsaye mayafi na zamewa, Tela kuwa da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya hau kan benci.

"Walƙiya! Taho, taho!"

Ta tsinke zaren da ƙirjinta, ta zube tana dariya tana kuka.

Yaya ya duba agogon hannunsa har sau biyu. Sannan ya ratsa jama'a ya je inda Tela ke saukowa daga benci a kunyace, ya miƙa masa hannu.

"Malam Tela, ka turo manyanka ranar Asabar." Ya waiwayi ƙanwarsa da ta iso tana haki. "Ke kuma gobe hutu ne, kar in ga ƙafarki a fili."