Yadda Sanya Ta Zama Uwar Magunguna

A can zamanin da, an yi wata tsohuwa mai tonon saiwa. Bishiyar sanya ɗaya tak ta rage a dajin garinsu. In tsohuwa ta je, sai ta yanki saiwa kaɗan, ta mayar da ƙasa.

Wata shekara cuta ta mamaye gari. Mai zazzaɓi ya sha jiƙon saiwar ya tashi, mai ciwon ciki ya sha ya tashi. Sai mutane suka ɗauko fartanyu, za su tumɓuke bishiyar, kowa ya ɓoye rabonsa.

Tsohuwa ta riga su isa, ta jingina da bishiyar.

Wani ƙato ya ɗaga fartanya ya ce, "Iya, kauce! Ke ma jikarki tana kwance."

Tsohuwa ta san gaskiya ya faɗa. Amma ta ce, "Ɗan nan, wannan uwa ce. In kun tumɓuke ta yau, wa zai shayar da marasa lafiyar baɗi? Sai dai ku fara sare ni."

Can ƙaton ya durƙusa, ya yanki kaɗan, ya mayar da ƙasa. Na bayansa ma haka. Tsohuwa ce ta ƙarshe. Guntun da ta samu bai kai yatsa ba, shi ta jiƙa wa jikarta.

Jikar nan ce, da ta girma, take kai 'ya'yanta gindin bishiyar tana cewa, "Ku gaida Uwar Magunguna."